Kaset Ɗin Lawandi

A shagona na gyaran rediyo, bayan Kwangila,
akwai kaset guda da ba na sayarwa.
Rubutun jikinsa ya goge.
In zaren ya harɗe, da biro nake juya shi,
a hankali, kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro.

Lawandi ne a ciki. Lawandi na Muciya,
ɗan mai zuba wa jirgin ƙasa gawayi,
wanda ya koyi kiɗa daga ƙarar dogo
tun bai san gurmi ba.
Kada a yi maka ƙarya, muryarsa ba ta da zaƙi,
zarto ce a kan ɗanyen icce.
Amma in ya ja baiti
mai shayi kan manta ƙwai a kasko.

Wanki da guga yake yi wa ɗaliban Samaru.
Wani ya kasa biyan bashin wata uku,
ya bar masa jita mai tsagaggen ciki.
Tsirkiya biyu babu.
Ni na ɗaura masa wayar birkin keke,
shi ya sa take kuka haka,
rabi gurmi, rabi ƙofar da ba ta sha mai ba.

Daren da ya jona ta da lantarki a Kongo
ni na riƙe wayar, tana tartsatsi.
Dattawa suka kaɗe riguna suka fice.
Wani ya wurgo takalmi daga baya:
"Ka sayar da kiɗan iyayenka!"
Lawandi ya ɗauka, ya juya shi,
ya ce ƙafa ɗaya ce, a taimaka da ɗayar.
Sannan ya waiwayo: "Ɗan'azumi, ƙara murya."
Na ƙara.

Bai taɓa wasa mai kuɗi ba.
Wani ɗan kwangila ya aiko masa makullin mota,
ya mayar, wai ɗakinsa ba ya cin baƙo biyu.
Waƙarsa ta masu tsince ganyen taba ce,
da leburan auduga masu tari har asuba,
da Kubanni, shekarar da ta cika ta tafi da ɗan maƙwabcinsa,
da jirgin da uban nasa ya jira a tasha
har idonsa ya daina gani.

Ba waliyyi ba ne.
Yana da zuciya, yana da mantuwar alkawari.
Asabe ta gaji da jiransa ta koma Giwa.
Ya mutu da bashina: naira sittin da batir huɗu.

Ranar Laraba ce, da marka.
Mu goma sha ɗaya muka kai shi,
ruwa na cika sawunmu kafin mu ɗaga ƙafa.
Da dare na kunna duk rediyon da ke shagon,
nawa da na mutane,
babu tashar da ta ambace shi.

Jiya na hau Keke daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka.
Yaron da ke tuƙi, ko gemu bai fara ba,
yana bin wata waƙa a wayarsa.
An sa mata gangar kwamfuta, an wanke mata murya,
amma na gane ta tun daga tari na farko,
kamar yadda ake gane ɗan aboki a tafiya.

Na ce, "Samari, waƙar wa ce?"
Ya ce, "Ta gargajiya ce, Baba. Ba ta da mai ita."

Na buɗe baki.
Ina da sunan, ina da kaset, ina da tabon wayar a tafin hannu.
Sai na ji magini a kan katanga ya karɓi amshin,
mai ƙosai a bakin ganuwa ta ƙarasa masa.

Na biya kuɗin mota na sauka.
Lawandi, na yafe sittin ɗin.
Batir ɗin ne dai har yanzu nake jira.